Lita Saba'in

Litinin, 7 ga Afrilu, bayan la'asar

Ya tafi da asuba. Na tsaya a ƙofar gida ina kallo yana ɗaura ramok a bayan mota, wannan amalanken ƙarfe mai ƙafa huɗu da ya aro a garejin Dodo. Tsawonsa ya kusa na motar kanta. Da ya tayar, ƙarfen sai ƙara yake kamar ana jan gado a kan siminti.

A littafin nan kaɗai nake rubuta sunansa, Baƙo. A baki Direba nake ce masa, shi kuma Madam, tun da ya aure ni ina koyar da lissafi a kwaleji.

Tungar Idrisa za shi, can gaba da Takanamat, ya ɗauko Inna mahaifiyarsa da hatsinta da gadonta. An aiko wa mutanen ƙauyen cewa su tashi kafin wata ya mutu. Ba zan rubuta waɗanda suka aiko ba. Duk garinmu Tawa an san su, kuma kowa "waɗancan" yake cewa.

Ga lissafin mai, in ajiye shi a nan. Shekara biyu ina rubuta abin da motar nan ke sha, lita 11 a kilomita ɗari, ba ta taɓa wucewa ba. Na ƙara rabi saboda ramok, na cike ya zama 17. Zuwa da dawowa kilomita 340. Lita 58 ke nan. Ya tafi da 70: ashirin a tanki, bido biyu, wato jarkoki, na ashirin da biyar biyar. Rarar 12.

Ya daɗe yana duban takardar, ya ce, "Madam, mota ba ta karatu."

Na ce ni ina yi.

Gobe da yamma zai dawo, in ya yi nauyi jibi.

Talata, 8 ga Afrilu, ƙarfe shida na yamma

Na share wa Inna ɗaki, na shimfiɗa sabuwar tabarma. Na yi tuwon mutum uku. Wayarsa ba ta shiga, amma dama bayan Takanamat babu rezo, an daɗe da sanin haka.

Laraba, 9 ga Afrilu, da hantsi

Inna ba ta haɗa kaya da sauri. Mace ce da za ta tsaya sai ta yi sallama da kowace akuya. Na san ita ta riƙe shi.

Na sake duba lissafin don in ji daɗi kawai. 58. Daidai yake.

Laraba, bayan magariba

Shiru.

Alhamis, 10 ga Afrilu, da azahar

Daga makaranta na biya garejin Dodo, wai in tambaya ko yana buƙatar ramok ɗinsa da gaggawa. Ƙarya ce, shi ma ya san ƙarya ce. Yana ƙarƙashin wata mota, ya fito yana goge hannu, ya ba ni kujera. Na nuna masa takardar. Ban san abin da ya sa na yi ta yawo da ita a jaka ba.

Ya ce, "Madam, sha ɗayan ga, ina kinka same ta?"

Na ce a hanyar Ƙwanni, shekara biyu cur.

"Kwalta ke nan. Arewa rairai na. In mota ta shiga rairai sai an sa ƙaramin bitas, ƙaramar giya ke nan, ƙahwa huɗu duk suna ja, an rage iskar taya. Inji na kuka, mota ba ta gudu. Da ramok wohi ma ta sha sha takwas. In an ɗora mashi kaya, ashirin da huɗu, in Allah ya taimaka ba a kahe ba."

Na ce ai ramok a kan ƙafafunsa yake tafiya, ba a kan motar yake ba. Ya dube ni yadda nake duban yaron da ya ce bakwai sau takwas hamsin da huɗu.

"Madam, ki taɓa jan amalanke cikin rairai ki gani."

Sai ya yi dariya ya ce kada in damu, Baƙo tsohon hannu ne, da idonsa ya ga ya tara bido huɗu kafin tafiyar, ya ishe shi har ya ba wani.

Na ce haka ne. Na miƙe na yi sallama.

A gida na sake yi. Zuwa, 170 a kan 18, lita 31. Saura 39. Dawowa a kan 24, kilomita 162. Zai tsaya saura kilomita takwas ya shigo gari. Takwas ba komai ba ce, daga nan ana hango hasumiyar rezo. Zai tako da ƙafa ya same ni, ya yi mini dariya har ƙarshen rayuwata, na yarda.

To in haka ne, me ya sa bai tako ba?

Juma'a, 11 ga Afrilu, da safe

Layin gidan mai ya kai har kwanar kasuwa. Sati uku ke nan garin a haka. Masu sayarwa a kwalba ma sun kwashe teburansu.

Sauda maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga ta ce ina labarin matafiya. Na ce muna jira. Ta ce Allah shi kawo su lahiya. Na amsa ban ɗago kai ba.

Asabar, 12 ga Afrilu, ƙarfe huɗu na yamma

Bari in rubuta, tunda jiya da shekaranjiya na kewaye shi.

Bido huɗu ne. Dodo bai yi ƙarya ba. Kwana tara Direba ya yi yana tara su, lita biyar nan, bakwai can, yana kwana a layi. Ranar Asabar da ta wuce ya shigo da na huɗun, Sauda maƙwabciyarmu tana ƙofarta ta gani.

Lahadi da safe ta shigo. Ba ta roƙi komai ba. Ta zauna ta taya ni tsince shinkafa, ta yi hirar zafi, ta yi hirar garkar mijinta Zubairu a fadama, yadda injin ban ruwa ya kwana biyar bai tashi ba, albasa ta fara kwantawa, saura sati biyu kacal a cire. Tana magana idonta yana zuwa zaure inda bidunan suke, yana dawowa. Har azahar ba ta tashi ba.

Matar nan ita ta yi jinyata wata biyu shekarar da aka yi mini aiki. Ita ta riƙa juya ni a kan gado, ita ta wanke abin da 'yar'uwata ta jini ta ƙi wankewa. A unguwar nan ba a ganin abu huɗu a zaurenka, maƙwabci yana neman ɗaya, ka ce babu. Ban iya ba. Kuma ban so in ce ban iya ba, sai na ɗauko alƙalami.

Direba ya ce, "A ba ta guda, in tahi da ukku."

Na ce biyu. Na jawo takarda na nuna masa, a gaban Sauda, layi bayan layi, da muryar da nake yi a aji. Na ga ya ji kunyar ya yi musu da ni a gaban baƙuwa. Na ga haka sarai, na ci gaba. Da kansa ya ɗauki bidunan ya kai mata har gida.

Shi ke nan. Na rubuta.

Lahadi, 13 ga Afrilu, bayan la'asar

Ranar kasuwa. Na tafi gefen da mutanen arewa ke sauka, na yi ta bin fuskoki. Na samu wata mata daga wani ƙauye kusa da Tungar Idrisa, sun iso da jakuna yau da safe, kwana huɗu suna hanya. Ta san Inna Rakia. Ta ce ta ga motar, fara, da ƙaton abu a bayanta, a tsaye ƙarƙashin aduwa a bakin ƙauyen. Ranar Laraba ta gan ta.

Ya isa ke nan. Na zauna a kan buhun wani ban nemi izini ba.

Na ce to me suke jira? Ta duba hagu da dama ta ce hanya suke jira. Sai ta ƙara da abin da ya hana ni cin abinci yau.

"Ai duk garin sun ɗaure kaya sun aje gindin motar. Tsohi, masu ciki, marasa lahiya. Wa za shi bari?"

Wa zai bari. Shekara ashirin da huɗu ina zaune da mutumin nan. Bai taɓa wuce mai tafiya a ƙasa ba, ko da buhun siminti ya cika motar. A ƙauyen da aka yanke masa cibiya, tsofaffin da suka goya shi su tsaya da ƙullin kayansu, ya ce musu Madam ta lissafa kayan Inna kaɗai? Na sa nauyin hatsi, na sa nauyin gado, har tukwane na sa. Ban sa shi ba.

Na kira Dodo a waya, na ce misali, misali kawai, in an cika mota da ramok maƙil da mutane da kaya. Ya ce talatin. Sannan ya ce, "Madam, bido nawa yat tahi da su?"

Na faɗa masa. Ya ce innalillahi, a hankali, ya kashe wayar.

39 a kan 30, kilomita 130. Saura 40 ya iso. Ya wuce Takanamat da nisa, yankin gonaki ne, akwai mutane. Har yanzu da sauƙi.

Litinin, 14 ga Afrilu, da safe

'Yarmu Ummul Kulsum ta kira daga Yamai. Na ce babanta ya fita. Ta ce kullum ya fita? Na ce aiki ya yi yawa. Cikinta wata bakwai, ba zan ɗora mata ba.

Talata, 15 ga Afrilu, da azahar

Tuwon da nake ajiye masa na daina zubarwa, ina dumama shi in ci da safe.

Laraba, 16 ga Afrilu, ƙarfe biyar na yamma

Dodo ya zo da kansa. Bai shigo ba, a zaure muka tsaya. Ya ce ya tambayi direbobin tasha. Tun watan jiya ba mai bin hanyar kwari, wadda ta miƙe. Akwai abin da aka gani a can. Kowa yanzu ta gabas yake zagayawa, ta kan dutse, ƙarin kilomita talatin da biyar. Ya ce Baƙo ya sani, an gaya masa a tasha daren da zai tafi.

Ya sani, bai gaya mini ba. Da ya faɗa da na sake lissafi, da na shiga gidan Sauda na karɓo guda ko da za ta daina gaishe ni har abada. Ya yi shiru don kada ya sa ni zuwa karɓo kyautar da na riga na yi. Na ji haushinsa ƙwarai. Ina tsaye a gaban Dodo ina jin haushin mutumin da ban san ko yana da rai ba.

Zuwa, 205 a kan 18, lita 37. Saura 33. A kan 30, kilomita 110. Saura 95.

Na zana layi a bayan takardar, Tawa a ƙasa, Tungar Idrisa a sama, Takanamat a kilomita 70. Ɗigon farko na ranar Alhamis yana nan dab da gida. Na Lahadi ya hau. Na yau ya tsallake Takanamat ya shiga inda ba a kwana.

Ina jin tsoro. Ba irin na da ba.

Alhamis, 17 ga Afrilu, bayan an tashi makaranta

Darasin yau a littafi yake, ba ni na zaɓa ba: mota tana shan kaza a kilomita ɗari, nawa za ta sha a kaza. Na rubuta a allo, na juyo, ɗalibai sittin suna jirana. Na ce musu amsar da ke bayan littafi ba daidai ba ce. Suka ce to mece ce daidai, Madam? Na ce a tambayi direba. Suka yi dariya, sun ɗauka wasa nake. Na ba su aikin rubutu na fita na tsaya bayan aji har aka buga ƙararrawa.

Juma'a, 18 ga Afrilu, da yamma

Sauda ta aiko da albasa, kwando guda, manya manya. Suna nan a zaure inda aka ajiye su.

Asabar, 19 ga Afrilu, bayan la'asar

Motar ta dawo. Ba ramok. Ba shi.

Da na ji ƙarar injin na fito ba takalmi. Almoustapha ne ke tuƙi, abokinsa na yarinta, Buzun da suka yi kiwo tare kafin Direba ya zo birni. A baya mata da yara da tsofaffi, ban san yadda suka shiga ba, mutum ashirin da uku har da na gaba. Inna a gaba. Na buɗe mata ƙofa, ta riƙe hannuna ta sauko, ta ce, "Shina lahiya, ɗiyata. Shina can wurin rijiya." Ta faɗa tun ban tambaya ba.

Maƙwabta suka rarraba baƙin. Da aka natsu Almoustapha ya zauna a zaure ya sassauta rawaninsa, ya ba ni labari a taƙaice. Kwana takwas suka yi a ƙauyen suna jiran a ce hanya ta yi sanyi. Talata suka taso, mutum arba'in da uku da kayansu. Sau huɗu suna kafewa. Laraba da hantsi, a wata tsohuwar rijiya, Direba ya tsaya ya zura kara a tanki, ya ciro ya duba. Abin da ya rage bai fi lita shida ba.

"Yac ce in munka ci gaba da ramok, mu duka muna tsayawa cikin daji inda babu ruwa. In an kwance shi, motar na iya kai Takanamat. Sai anka kwance. Anka zaɓi wanɗanda ba su iya jira."

Na ce shi ne mai motar, me ya sa bai tuƙo ba?

"Na ce mashi hakanan. Yac ce in yat tahi, mutanen ga za su ce an yada su. In shina nan, sun san mota za ta komo."

Motar ta mutu ana hango Takanamat, jakuna suka ja ta. Kwana biyu suna roƙon mai kwalba kwalba kafin su samu na isowa nan. Mutum ashirin suna can gindin ramok, har da shi. Akwai ruwa, akwai hatsin Inna. Rijiyar tana kilomita 120 daga ƙofar gidan nan.

Na tambaya ko ya ba da saƙo. Ya ce Direba ya ce a gaya wa Madam motar ta sha talatin da biyu, ta gyara littafinta.

Na shiga ɗaki na yi kuka, ina dariya a ciki. Sannan na yi abin da bai kamata ba. 120 a kan 32, lita 38. Bidunan nan biyu hamsin ne. Da yanzu yana tsakar gida yana wanka.

Lahadi, 20 ga Afrilu, da azahar

Tun asuba ake neman mai. Dodo ya tsiyaye motoci biyu da aka kawo masa gyara, ya ce zai ji da masu su. Liman ya yi magana bayan sallah, masu babura suka riƙa zuwa da kwalba ɗaya, rabin kwalba. Zubairu mijin Sauda ya kawo lita tara, ya ajiye ya juya. Zuwa hantsi an cika bido biyu.

Almoustapha ya ce zai tafi yanzu.

Na ce a'a. Zuwa ba ramok, lita 17. Dawowa 38, in ce 39. Jimla 56. Hamsin ba ta kai ba, kuma ba a sa kafewa a ciki ba. Sai an samu na uku.

Ya ce, "Madam, hamsin ta hisshe su daga wurin. In ta ƙare kusa da gari, sai mu tura. Wurin can ba wurin daɗewa ba na."

Na ce na riga na tura mutum da mai wanda bai isa ba, sau ɗaya, ba zan sake ba. Na ɗaga murya. Makullin motar yana hannuna, na sa shi a cikin zane. Dodo ya dubi Almoustapha, Almoustapha ya dubi ƙasa. Inna tana daga ɗaki tana ji.

Wannan karon ban rage komai ba. Wannan karon daidai nake.

Litinin, 21 ga Afrilu, ƙarfe shida na yamma

Yini guda a layi, ni da Dodo, da motar wani. Ana saura mota huɗu a zo kanmu aka ce ya ƙare. Na zauna a bakin kwalta. Wata ɗalibata ta wuce ta gaishe ni, ban gane ta ba.

Dab da magariba wani ɗan'uwan Dodo ya iso daga Kalfu da bido cike a kan babur. Uku sun cika. Lita 75.

Almoustapha ya karɓi makullin bai dube ni ba.

Talata, 22 ga Afrilu, da safe

Sun tafi da asuba, Almoustapha da Dodo. Na ce zan bi su, suka ce nauyina ma mai ne.

Laraba, 23 ga Afrilu, da la'asar

Ni da Inna a tsakar gida. Tana jan carbi, ina tsince wake da na riga na tsince. Ta ce tun yana yaro haka yake, in an tafi kiwo shi ne na ƙarshen dawowa, sai ya ga kowace dabba ta shiga. Na ce Inna, akwai abin da ban gaya miki ba, game da man. Ta ce ya gaya mata tun a ƙauye. Na ce me ya ce? Ta ce cewa ya yi maƙwabta sun shiga matsi, ya ba su bido biyu.

Ya ba su. Haka ya faɗa mata.

Alhamis, 24 ga Afrilu, bayan azahar

Sun iso da hantsi. Tun daga kwana na ji ƙarar ramok, wannan jan ƙarfen. Unguwa duk ta fito.

Na tsaya a ƙofa ina ƙirga masu saukowa. Goma sha tara. Na sake ƙirgawa.

Wani dattijo, Sidi, ƙanen mahaifin Direba, shi ya zo ya durƙusa a gaban Inna. A gabana ya faɗa, ban matsa ba. Ranar Litinin da la'asar babura uku suka zo rijiyar. Ba su taɓa kowa ba, ba su taɓa hatsi ba. Sun ga sawun taya, suka tambaya wane ne direban da ke kwashe mutane. Ba wanda ya nuna shi. Da suka fara duban samarin, sai Direba ya miƙe ya ce shi ne. Ya cire agogonsa ya ba Sidi, ya hau bayan ɗaya daga cikinsu. Arewa suka yi. Sidi ya ce ba su ɗaure shi ba, kuma an sha ganin sun riƙe direba ko makanike su sake shi bayan wani lokaci. Ya ce an sha gani. Bai ce kullum ba.

Litinin da la'asar. Ina bakin kwalta a zaune ina jiran bido na uku.

Almoustapha ya sauke kaya har ya gama, sannan ya ɗauko bido ɗaya daga bayan mota ya ajiye a gabana. Ya ce, "Wanga ya rage." Na ɗaga shi. Ya kusa cika. Lita 19, ko ban auna ba na sani, 56 suka sha cif.

Da hamsin ɗin Lahadi da sun isa rijiyar Lahadi da dare. Da motar ta mutu a kilomita goma sha tara daga nan, a cikin gonakin mutane, a tura ta.

Juma'a, 25 ga Afrilu, da safe

Na kira Ummul Kulsum na gaya mata.

Asabar, 26 ga Afrilu, bayan la'asar

Dodo ya zo ya kwance ramok ɗinsa. Almoustapha zai koma wajen danginsa a Bambeye, ya ce yana da mutanen da za su iya tambaya a arewa, a hankali, ba da sunan kowa ba. Ya ce kada in sa rai da labari kafin sati biyu, kada kuma in cire rai.

Kafin ya tafi ya tambaye ni inda zai ajiye motar, ko ya kai ta gareji a rufe. Na ce a'a, a nan. Na sa ya juya ta, hancinta yana duban ƙofa. Na ɗauko mazurari, na riƙe, ya tsiyaye lita goma sha taran nan a tanki har ɗigon ƙarshe.

Ya ce, "Madam, wanga ba ya kai ko'ina da nisa."

Na ce na sani. Gobe da asuba zan koma layi.